Kama da wane ba wane ba ne: Murfi biyar da ke riƙe karanshaf

Mu ɗauka hutun ƙarshen zango ne, an kai ka garejin kawunka don ka rage zaman banza. Kwana uku ke nan kana miƙa sifana kana share ƙasa. Yau da hantsi aka sauke injin wata Golf ta haya, aka kifa shi a kan benci, aka cire kwanon ƙasa inda baƙin mai ke taruwa. Kawu ya kwance waɗansu ƙarafa guda biyar masu siffar baka, kowanne da noti biyu, ya jera su a kan kwali, ya ce ka wanke su kafin ya dawo daga sayen kaya. Kai kuma don ka nuna ƙwazo sai ka kwashe su gaba ɗaya ka zuba a daro guda, ka wanke su tas, ka sake jerawa yadda hannunka ya kai.

A idonka babu abin da ya canza. Biyar suke ɗazu, biyar suke yanzu, kuma duk kamarsu ɗaya. Amma da Kawu ya dawo ya dubi kwalin, sai ka ga ya dafa kai.

Laifin me ka yi? Amsar tana cikin aikin da waɗannan ƙarafa ke yi. Su ne murafan da ke riƙe karanshaf a jikin inji, waɗanda makanikai ke kira kaf. Mayar da su yana daga cikin ayyukan da suka fi sauƙi a ido, noti goma ne kacal, amma yana daga cikin waɗanda ƙaramin kuskure ke kashe inji ɗungurum. A wannan makon za mu bi aikin daki-daki, mu ga dalilin kowane mataki. Ɗalibai mata, da ku ake: aikin nan na lura ne da awo, babu ruwansa da ƙwanji.

Wane ne karanshaf?

Idan kana tuƙa keke, ƙafarka sama da ƙasa take yi, amma taya juyawa take. Abin da ke mayar da sama-da-ƙasa ya zama juyi shi ne feda da hannunta. A cikin injin mota, fistin shi ne ƙafa, sandar da ake kira kwanrod ita ce ƙauri, karanshaf kuwa shi ne feda. Dogon ƙarfe ne mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke kwance a ƙasan bulok, wato gangar jikin inji. Fetur ya kama da wuta a cikin silinda, ya tura fistin ƙasa, fistin ya tura kwanrod, kwanrod ya juya shaf, daga nan juyin ya bi ta kuloci da giya har ya isa taya.

Bari mu sa lissafi. Motar da ke tafiya a kan babbar hanya injinta kan yi juyi 3,000 a minti ɗaya, wato juyi 50 a daƙiƙa. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi. Ke nan shaf na shan bugu 100 a kowace daƙiƙa, kuma idan an taka mota sosai, bugu ɗaya na iya kai nauyin tan biyu ko fiye. Duk wannan bugun ƙasa yake nufa. Abin da ke tare shi, ya hana shaf ficewa ta ƙasan inji, shi ne murafan nan da notunansu.

A yawancin injuna masu silinda huɗu a jere, shaf yana da mazauni biyar: ɗaya a gaba, ɗaya a baya, uku a tsakanin silinda da silinda. Kowane mazauni rami ne zagayayye da aka raba biyu. Rabi yana jikin bulok, ɗaya rabin shi ne murfi. A cikin ramin ake shimfiɗa waɗansu siraran ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya a bulok ɗaya a murfi. Su ne makanikai ke kira metal. Ba irin boris mai ƙwallaye na keke ba ne, sumul suke. Bayansu ƙarfe ne mai tauri, cikinsu kuma an shafe shi da ƙarfe mai laushi, don in za a ci wani a ci metal mai araha a bar shaf mai tsada. Wannan dabara ta daɗe. Tun a 1839 wani Ba'amurke mai suna Isaac Babbitt ya fito da haɗin ƙarfe mai laushi wanda kuza ta fi yawa a cikinsa don irin wannan aiki, har yau kuma ana kiran haɗin da sunansa.

Ƙarfen da ke iyo a kan mai

Ga abin mamaki: idan inji na aiki lafiya, shaf ba ya taɓa metal ko kaɗan. Iyo yake a kan baƙin mai.

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Beauchamp Tower ne ya gano haka a 1883, lokacin da yake gwaji a kan mazaunin gatarin ƙafar jirgin ƙasa. Ya huda rami a saman mazaunin don a riƙa zuba mai. Da gatarin ya fara juyawa, sai mai ya dinga ɓulɓulowa ta ramin. Ya toshe da toto, man ya turo toton waje. Ya buga katako, shi ma man ya turo shi. Da ya sa ma'auni sai ya tarar man da ke ciki yana da matsi mai ƙarfin gaske, alhali babu wani famfo da ke tura shi. A 1886 Farfesa Osborne Reynolds na birnin Manchester ya bayyana dalili da lissafi: ƙarfen da ke juyawa yana jan mai yana cusa shi cikin matsattsen wurin da ke ƙarƙashinsa, man kuma da ya rasa hanyar fita da sauri sai ya ɗaga ƙarfen sama.

Haka yake faruwa a injin mota. Famfon mai yana kawo baƙin mai ta ƙananan hanyoyi a cikin bulok, juyin shaf kuma ya gina matsin da ke ɗauke da shi. Amma sai an bar wa man gurbi daidai wa daida. A ƙananan motoci, giɓin da ke tsakanin shaf da sabon metal yakan kasance tsakanin milimita 0.02 zuwa 0.06. Takarda ɗaya ta littafin rubutunka kaurinta ya kusa milimita 0.1, wato ta fi giɓin kauri. Idan giɓin ya yi kaɗan, mai ba zai wadata ba, wurin ya yi zafi, ƙarfe ya kama ƙarfe. Idan ya yi yawa, man ya zurare ta gefe, matsi ya faɗi, shaf ya riƙa dukan metal. Duk ƙa'idojin da za mu lissafa nan gaba, wannan ɗan giɓin suke karewa.

Abin da ya sa murfi ba ya aron gida

A masana'anta ba a ƙera rabin bulok daban, rabin murfi daban, sannan a haɗa su a ce sun dace. Ana fara ɗaure murafan duka a jikin bulok da ƙarfin da aka ƙayyade, sannan a zura na'ura ta huda ramukan biyar a layi ɗaya. Tun daga wannan rana kowane murfi ya zama ɗan gida ɗaya, mai fuskantar gefe ɗaya.

Ka ɓare goro biyu, ka ɗauki ɓari daga wannan ka haɗa da ɓarin wancan. Girmansu na iya zama ɗaya, launinsu ɗaya, amma ba za su haɗu su rufe ba. Haka murfi na biyu yake idan aka kai shi gida na huɗu, ko aka juya gabansa baya. Notuna za su iya shiga, ido ba zai ga komai ba, amma ramin ya daina zama cikakken zagaye. An samu ɗan tudu a inda rabi da rabi suka haɗu. Ko da tudun bai wuce milimita 0.03 ba, ya cinye rabin gurbin mai, ko ma duka.

Saboda haka masu ƙera injuna da yawa suke sa lamba a bayan kowane murfi, 1 zuwa 5, waɗansu har da kibiya mai nuna gaban inji. Gaban inji shi ne ɓangaren fuli da bel, bayansa kuma ɓangaren giya. A injin Golf irin wanda ke kan bencin Kawu, murfi mai lamba 1 yana ɓangaren fuli, na 5 yana ɓangaren giya. Sa'arka ke nan: Kawu zai goge bayan kowanne ya karanta lamba ya mayar da su layi. Da a ce injin ba shi da lamba, ko kuwa murfi ɗaya ya ɓace aka ɗauko na wani inji, da sai an ɗauki bulok ɗin sukutum an kai wa masu injin gyaran ƙarfe su sake daidaita ramukan a layi ɗaya. Kuɗi ne da lokaci, ga direba zaune a gida ba ya samun na cefane.

Akwai sababbin injuna da aka haɗe musu murafan suka zama faranti guda mai kama da tsani. A irinsu babu zancen rikita lamba, amma sauran ƙa'idojin suna nan.

Haɗawa tana farawa ne tun ranar kwancewa

Gwanin makaniki ba ya taɓa noti sai ya duba lamba da kibiya. In bai gani ba, sai ya sa tasa alamar da fenti ko ƙarfen buga alama, a bayan murfi, ba a fuskar da ke haɗuwa da bulok ba. A zamanin nan ma da yawa sukan ɗauki hoto da waya kafin su kwance. Kowane murfi ana ajiye shi da notunansa da metal ɗinsa, a jere yadda suka fito. Ko da za a sa sabon metal, tsohon yana da amfani, don shi ne ke ba da labarin abin da ya faru a cikin injin. Wanda ya cinye a gefe ɗaya yana nuna karkata. Wanda ke da zane-zane yana nuna datti ya shiga mai. Wanda ya yi baƙi ya ƙone yana nuna mai ya yanke. Idan aka zuba su a daro ɗaya, labarin ya ɓace, ba a san wane gida ne ke da ciwon ba.

Sai tsabta. Ƙwayar yashi mafi ƙanƙanta ta kai kusan milimita 0.06, daidai da faɗin giɓin gaba ɗaya. Garejinmu kuwa yawanci a fili suke, ga iska ga ƙura, balle lokacin hunturu. Shi ya sa ake wanke bulok da shaf sosai, a bi hanyoyin mai da ɗan buroshi, a hura musu iska, sannan a lulluɓe komai da leda mai tsabta har lokacin haɗawa. Tsumma mai zubar da zare ba ya cikin kayan wannan aiki. Ramukan noti ma sai an tsane su. Idan mai ko ruwa ya taru a gindin rami aka ɗaure noti a kansa, ruwan ba ya matsuwa, zai yaudari mai ɗauri ya ɗauka noti ya kama, wani lokaci har ya tsaga bulok.

Mataki-mataki

Na farko, sa metal. Bayansa da gurbin da zai zauna dole su zama a bushe, babu mai babu datti. Kowane metal yana da ɗan kunne a gefe ɗaya da ke shiga wata 'yar tsaga a bulok ko a murfi. Idan ka danna shi ya zauna, za ka ji bakinsa ya ɗan ɗara fuskar murfin kaɗan. Kada a goge wannan da zarto ko samfefa, da gangan aka yi shi. Idan aka ɗaure murfi, rabi biyun suna tura juna su manne wa bangon ramin, abin da ke hana su juyawa tare da shaf ke nan, ta nan kuma zafi ke fita zuwa bulok.

A kula da wanda ke sama da wanda ke ƙasa. A injuna da yawa, metal mai huda da kwari a tsakiya shi ke zama a bulok, don hudar ta dace da hanyar mai. Marar huda shi ke zama a murfi, inda nauyi ya fi yawa. Wanda ya musanya su ya toshe wa mazaunin mai da hannunsa.

Na biyu, auna giɓi. Sabon metal a cikin kwali ba shaida ba ce cewa ya dace. Idan shaf ya cinye, akan kai shi a rage kaurinsa da milimita 0.25 ko 0.50 ko 0.75, sannan a sayi metal mai kaurin da zai cike abin da aka rage. Lambobin 010 da 020 da 030 da ake gani a jikin kwalin metal wannan suke nufi a ma'aunin inci. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce wani siririn zaren roba mai suna Plastigauge. Ana kwantar da shaf a bushe, a ɗora guntun zaren a kan mazauni, a sa murfi a ɗaure da cikakken ƙarfinsa, ba tare da an juya shaf ba. Idan aka kwance, zaren ya baje. Sai a gwada faɗinsa da ma'aunin da ke jikin takardarsa: in ya baje da faɗi giɓin kaɗan ne, in ya baje kaɗan giɓin da yawa. Masu maikuromita sukan auna kaurin shaf da faɗin rami su debe wannan daga wancan. Bayan awo a goge ragowar zaren tas.

Na uku, shafa mai. Yanzu ne ake shafa baƙin mai mai tsabta, ko man haɗa inji na musamman, a fuskar metal da jikin shaf. Ranar da za a tada injin, famfo zai ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ya kawo mai, wannan shafin ne zai riƙe ƙarfen kafin nan. Sannan a sauke shaf a hankali, a miƙe, da hannu biyu ko mutum biyu, kada gefensa ya kafci metal.

Na huɗu, wasoshin tare shaf. Ban da juyi, shaf yana son zamewa gaba da baya. Duk lokacin da direba ya taka kuloci, tura shi ake yi ta tsawonsa. Don haka mazauni ɗaya yana da waɗansu wasoshi masu siffar rabin zobe a gefe da gefe, ko metal mai kafaɗa. A injin Golf na uku ne, na tsakiya. Fuskar washa mai kwari ita ke kallon jikin shaf mai juyawa, domin ta kwarin ne mai ke bi.

Na biyar, ɗora murafan, kowanne a gidansa, kibiya na kallon gaba. A injuna da yawa kunnen metal na murfi da na bulok suna faɗawa gefe ɗaya, wannan ma wata shaida ce. Murfi yakan shiga gurbinsa da ɗan matsi, sai a bubbuga shi a hankali da gudumar roba har ya zauna daram. Ba a jawo murfi ƙasa da ƙarfin noti, yin haka na iya karkatar da shi ko ya tsaga shi. Notuna kuma da yatsu ake fara murɗa su. Wanda ya ƙi shiga da yatsu yana da dalili, a nemo dalilin kafin a ɗauko sifana.

Kafin ɗauri na ƙarshe, akan tura shaf baya sannan a tura shi gaba da ɗan bugu mai sauƙi, don wasoshin sama da na ƙasa su daidaita a layi ɗaya.

Ɗauri da awo

Nan ne aka fi yin ɓarna, don mutane da yawa sun ɗauka noti gwargwadon yadda ya sha ƙarfi gwargwadon ingancinsa. Gaskiyar magana noti ɗan miƙewa yake idan an ɗaure shi, kamar robar danƙo mai tsananin tauri, ƙoƙarinsa na komawa yadda yake shi ne ke matse murfi da bulok. In ɗaurin ya gaza, murfi zai riƙa motsi a ƙarƙashin bugu ɗari a daƙiƙa har notin ya gaji ya karye. In ya zarce, notin ya miƙe miƙewar da ba ya dawowa, ko zarensa ya cinye, ko ramin ya tauye. Ka tuna a masana'anta da wani ƙarfi na musamman aka ɗaure kafin a huda, ramin kuma ba ya komawa cikakken zagaye sai da wannan ƙarfin.

Kowane inji yana da adadinsa a littafin gyaransa, ana rubuta shi da niyuton-mita, a taƙaice Nm. Wanda ya yi darasin ƙarfin juyi a Fiziks ya san lissafin: ƙarfi sau tsawon hannu. A ce littafi ya ce 60 Nm, sifanarka kuma tsawonta santimita 30, wato mita 0.3. Ƙarfin da ake bukata shi ne 60 a raba da 0.3, niyuton 200 ke nan, kusan nauyin jarkar ruwa mai lita 20. To, sai wani ya zura wa sifanar bututu ta zama mita ɗaya, ya ja da wannan ƙarfin dai. Ya ba notin 200 Nm, ninki uku da ɗoriya, shi kuma a jikinsa bai ji ya yi wani abu ba. Ga naka: littafi ya ce 75 Nm, sifana santimita 25 ce, niyuton nawa za ka sa? Ka lissafa ka nuna wa malaminka.

Tunda hannu ba ya karanta niyuton, sai aka ƙera sifanar awo. Ana saita ta a kan adadin da ake so, idan an kai sai ta yi ƙas, a tsaya nan. Ana jan ta ne a hankali ba da fizga ba.

Akwai ƙa'idoji uku tare da ita. Ta ɗaya, ba a kai noti ƙarshe a tashi guda. Ana zagayawa sau biyu ko uku, misali sulusi, sulusi biyu, sannan cikakke. Ta biyu, a bi jerin da littafi ya nuna. Galibi daga murfin tsakiya ake farawa a yi waje, hagu da dama, don bulok da shaf su zauna ba tare da murɗewa ba. Ta uku, a duba ko littafin ya ce a shafa wa zaren noti mai ko a bar shi a bushe. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake sa wa sifana a gogayya yake tafiya, a zare da ƙarƙashin kan noti, ɗan ragowar ne ke miƙar da shi. Ɗigon mai yana rage gogayyar, sai adadi ɗaya a sifana ya haifar da matsi daban.

Injuna da yawa na zamani suna da ƙarin mataki: bayan an kai adadin, sai a ƙara murɗawa da kwana ƙayyadadde, misali digiri 90, rubu'in zagaye. Yawancin irin waɗannan notuna an yi su ne su miƙe har iyakarsu sau ɗaya. Idan littafi ya ce a sa sababbi, a sa sababbi. Kuɗin noti goma bai kai ko kusa da kuɗin inji ba.

Gwajin hannu

Bayan an gama ɗaure kowane murfi, sai a juya shaf da hannu. Tunda ba a riga an haɗa fistin ba, ya kamata ya juya sumul, zagaye cikakke, babu inda yake cijewa. Amfanin gwadawa bayan kowane murfi shi ne, in ya cije ka san wanda ya jawo. Sai a kwance wannan a duba: lambarsa daidai ce? Ya kalli gaba? Akwai datti a bayan metal? Girman metal ɗin daidai ne? Abin da ba a yi shi ne a ce bari a tada injin zai saki da kansa. Shaf ɗin da ya cije a benci ba ya sakewa a hanya, ƙonewa yake.

Daga ƙarshe a auna wasan gaba da baya, da agogon awo ko siraran ƙarafan auna giɓi. A ƙananan motoci yakan faɗa tsakanin milimita 0.05 da 0.25, ainihin adadin kuma yana littafi.

Injin da aka tsallake waɗannan matakai yakan tashi lafiya a gareji, kowa ya yi murna. Bayan kwana kaɗan, da ya ɗauki zafi, sai jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa idan mota na tsaye. Sai a fara jin bugu mai nauyi daga ƙasa idan an taka. In aka zubar da man, a ga yana ƙyalli da garin ƙarfe. Ƙarshenta metal ya narke ya manne wa shaf ya juya tare da shi. Wannan ne ake cewa inji ya buga, kuma sau da yawa a tsakiyar hanya yake yi, da fasinja cike da mota.

Ga mai sha'awa

Wannan aiki ba a koyonsa daga jarida kaɗai, kuma ba na gwadawa a motar gida ba ne. Ana koyonsa a gaban gwani. Kwalejojin fasaha suna koyar da gyaran mota, hukumar NABTEB tana shirya jarrabawarsa, masu son zurfafawa kuma ga sashen injiniyan injuna a kwalejojin kimiyya da fasaha da jami'o'i. Wanda ke zuwa gareji lokacin hutu ya kiyaye kansa: karanshaf na da nauyin da zai fasa yatsan ƙafa, a sa takalmi rufaffe. A tabbata bulok ya zauna da gindinsa kafin a ja sifana. Tsohon baƙin mai yana cutar da fata, a wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba, kuma a nisanta fetur daga wuta.

Abin da ɗan makaranta zai shiga gareji da shi wanda ake bukata ƙwarai shi ne iya karanta littafin gyara, da sanin bambancin 0.05 da 0.5, da juya inci zuwa milimita. Abin da zai tarar a can wanda babu a aji shi ne hannun da ya juya shaf ɗari, wanda ke jin cijewa tun kafin ma'auni ya nuna.

Mu koma bencin Kawu. La'asar ta yi, murfi biyar sun koma gidajensu, 1 a wajen fuli, 5 a wajen giya, sifanar awo ta yi ƙas sau goma a zagaye na ƙarshe. Kawu ya matsa gefe ya ce ka juya. Ka kama bakin shaf ka murɗa, ƙarfen da ɗazu ka sha wuyar ɗagawa ya juya a hannunka kamar ba shi da nauyi. Gobe za a sa fistin da kwanrod. Su ma kowanne da murfinsa da lambarsa, kuma kai za a ba wankinsu. Ka nemi kwali da alƙalami tun yau, ka rubuta 1 zuwa 4, ka wanke su ɗaya bayan ɗaya.